Haƙorin Malam Zakariya a Bakin Saude

Ranar Litinin da hantsi, cikin daminar 1977, aka shigo da Saude wani ƙaramin asibitin haƙori da ke Gusau. Kumatunta na hagu ya kumbura har ya rufe mata ido, warin bakin kuma ya riga ta shiga ɗaki. Sista Dibora ta shekara tara tana cire haƙora da yi musu ciko a wurin, ba ta taɓa toshe hanci a gaban majinyaci ba. Ran nan kam sai da ta kau da kai.

Ta gane matar. Kwana goma sha biyu da suka wuce ita ta cire mata haƙorin sama da ke bin fiƙa, ta sa auduga, ta sallame ta zuwa Furfuri. Da ta ɗaga leɓen yanzu, sai ga haƙori zaune a gurbin, an ɗaure shi da siririyar waya a jikin maƙwabtansa. Ta yanke wayar. Ko ja ba ta yi ba, haƙorin ya biyo hannunta, mugunya ta biyo shi tare da wani baƙin gari mai tsakuwa-tsakuwa. Ta wanke shi a tasa, ta juya shi a gaban taga.

"Likita," ta ce wa shugaban asibitin, "wannan cikon nawa ne. Na san haƙorin nan. Ni na cire shi daga bakin wani mutum wata biyar da suka wuce."

Da ta iya bakinta, da babu wanda zai sani. Amma Dibora ba ta iya ɓoye abin da idonta ya gani ba, kuma mijin Saude yana bakin ƙofa yana ji. Ɗahiru manomi ne mai ƙaton murya. Nan take ya tara wa asibitin jama'a.

"Ita ce! Nan anka cire mata, nan anka sa mata wani. Da bakinta ta hwaɗa min randa ta dawo gida. Haƙorin wani ƙato cikin bakin matata!"

Ya tofa yawu a gaban takalmin Dibora. Likita ya karɓi makullan ɗakin daga hannunta, ya ce ta dakata da aiki, sannan ya aika caji ofis. Idan ba a gano wani mai laifin ba zuwa ƙarshen mako, zai rubuta wa hukumar lafiya a Sakkwato, a soke takardarta. A garin da kowa ya san kowa, sunanta ma ya riga ya fara ruɓewa tun kafin azahar.

Sufeto Lukuman ne ya zo. Gajere ne, mai saurin fushi, yana tauna goro da gefe ɗaya tun da aka cire masa turmin haƙori a wannan ɗakin wata huɗu baya. Ya taɓa ganin gawar da ta kwana uku a rijiya, ya koma gida ya ci tuwo. Amma da aka miƙo masa tasar nan, ya cire goron daga bakinsa ya jefar ta taga.

Ya fara da Saude. Zazzaɓi na kaɗa ta, an yi mata allura. Ya tambaye ta sau uku wa ya yi mata wannan aiki. Hawaye kawai take yi.

"An rantsar da ke?"

Ta gyaɗa kai.

"Sista ce?"

Ta rufe idon da ya rage. Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba.

Ya samu Dibora a benci a baranda, hannuwanta a kan cinya.

"Haƙorin wa?"

"Malam Zakariya. Malamin firamare ne, yanzu yana Tsafe. Na yi masa ciko, ciwon bai tsaya ba domin saiwar ta riga ta mutu, na cire."

"Ina kike kai waɗanda kika cire?"

"Bokiti. Audu mai shara ya ƙone su. Amma cikin goma, takwas ba sa shiga bokitin. Mutane suna karɓar abinsu a auduga su je su binne. Kai ma ka karɓi naka."

"Zakariya fa?"

"Ya karɓa. Na rubuta a katinsa."

"Ke kika rubuta."

"Ni na rubuta," ta ce, ba ta ɗaga murya ba.

"To gaya min, ana iya dasa haƙori kamar rogo?"

"Sa harshenka a giɓinka, Sufeto. Me ka ji?"

Ya ji kunya, amma ya sa. "Tauri. Babu rami."

"Ranar da na cire, rami ne da zai ɗauki kan ɗan yatsa. Jini ya cika shi ya daskare. Shi ya sa nake hana ku kurkure baki da ƙarfi, gudan jinin nan shi ne harsashi. Cikin mako biyu dasashi ya rufe sama. A ƙarƙashi, sabon ƙashi yana tasowa a hankali, wata uku zuwa huɗu ya cike ramin. Yana ɗan lotsawa, amma ya cike. Wanda ya yi wa Saude wannan ya kwashe jinin, ya cusa mata gari, ya danna mataccen haƙori a kai. Maimakon ƙashi ya taso, na gefe ma ya fara ci."

"Garin mene ne?"

"Ƙashin dabba ne, an ƙona an daka. Na ga ɓurɓushin."

Lukuman ya tofar da yawu a bayan baranda. "Ke nan in ramin ya rufe, ba a iya sa komai?"

"Sai an fasa. Mai wannan aiki dole ya samu mutum cikin kwana ɗaya ko biyu da cirewa."

Ya rubuta wannan a littafinsa, ya ja layi a ƙarƙashi.

Audu mai shara bai ɗauki minti goma ba. Ya kai Sufeto bayan asibiti inda yake ƙona shara a rabin duro, ya tona toka da sanda. Haƙoran da ke ciki baƙaƙe ne, sun farfashe. Na tasa kuwa fari tas, har ya fi na mai rai haske. Bugu da ƙari, Audu yana wurin daga safe har la'asar kwana shida a mako, na bakwai yana coci, kuma bai san garin ko majinyaci ɗaya ba. Lukuman ya sallame shi.

Washegari ya hau Landiroba zuwa Bungudu, domin Ɗahiru ya ce matarsa ta kwana biyu a gidan yayarta a can kafin ta ƙarasa Furfuri. Yayar ta ce Saude ta iso da giɓi tana ta kuka, wai za a riƙa kiranta tsohuwa. Da safe ta ce za ta kasuwa. Ta dawo da azahar ta ɗaure baki da kallabi, ba ta ci abinci ba.

A kasuwar Bungudu mutum ɗaya ne ke taɓa bakin mutane, Tukur wanzami. Lukuman ya same shi yana wasa aska a tafin hannu.

"Kana cire haƙori?"

"Tun kana goyo, ranka ya daɗe."

"Kana sawa?"

Tukur ya ajiye askar. "Ni? Cirewa nikai. In cire, in ce a kuskure da ruwan ɗumi da gishiri bayan kwana ɗaya, Allah ya rufe abinai. Wa ka maida abin da ya fita?"

"Wani yana mayarwa."

"Na sani. Mutum biyu sunka zo min da bakinsu shina wari awa mushe. Guda daga Kwatarkwashi, guda daga wajen Ruwan Bore. Na ce su tai asibiti, sunka ƙiya. Na ce wa ya yi muku, sunka ce an rantsar da su, in sunka hwaɗi kafin kwana arba'in, sauran haƙoran duk za su zube."

"Kai ka cire musu na farko?"

"A'a. Su duka Gusau anka cire musu. Wajen Sista."

Lukuman ya duba jakar wanzancin, babu waya, babu gari. Bai ma yi tsammanin samu ba. Da Tukur ne mai dashen, ramukan da ya haƙa da awartakinsa sun ishe shi, ba sai ya jira na Gusau ba. Amma tafiyar ta ƙara wa Dibora nauyi. Mutum uku, dukansu daga kujerarta suka tashi. A hanyar dawowa Sufeto ya sake bin abin da ya rubuta. Ba ya son abin da littafinsa yake nuna masa.

Ranar Laraba ya nufi Tsafe. Ya iske Malam Zakariya a makaranta lokacin hutun ƙarfe tara, yana cin gyaɗa a gindin dalbejiya. Da ya ji inda haƙorinsa ya kwana, ya mayar da gyaɗar aljihu.

"Yesu! A bakin mutum?"

"A bakin mace. Ka karɓe shi daga hannun Sista?"

"Na karɓa."

"Ka binne?"

"Ni ba na binne haƙori, Sufeto. Na karɓa ne don in nuna wa matata Naomi. Wata biyu tana cewa raki nake yi. Tana jirana a bakin ƙofar asibiti, na buɗe audugar na ce ga shaida. Ta ce in kawar mata da ƙazanta. Na wurgar da shi gefen kwata."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Sai dai faɗan da na sha. Dattijon nan mai sayar da asawaki da kanumfari a bakin ƙofa ya taso, ya ce jikin ɗan Adam ba shara ba ne. Ya tsince shi, ya ce zai binne min saboda Allah. Har kunya ya ba ni."

Harshen Lukuman ya tafi giɓinsa da kansa. Ya tuna ranar. Ya fito da auduga a baki, ga haƙori a hannu, ga aiki na jiransa a ofis. Dattijo mai farin gemu ya miƙo ƙyalle fari, ya ce kawo in sauƙaƙa maka, ɗana. Shi kuma, Sufeton 'yan sanda mai shekara ashirin a aiki, ya miƙa da hannu biyu, har da cewa Allah ya saka da alheri.

Ranar Alhamis da safe ya tsaya a shagon tela da ke kallon asibitin, ya yi awa biyu yana kallo. Likita ne ke cire haƙora tun da aka dakatar da Dibora. Dattijon, Malam Mas'udu, yana zaune a bayan teburinsa da carbi. Duk wanda ya fito dafe da kumatu, sai ya yi masa sannu, ya ba shi ƙwayar kanumfari kyauta, ya tambaye shi daga wane gari. 'Yan birni, ya karɓi haƙorin ya sallame su. Wata mata mai goyo da ta ce daga ƙauye take, ya ja ta gefe ya daɗe yana yi mata magana ƙasa-ƙasa. Tela ya ce dattijon mutumin kirki ne, sai dai yakan rufe tebur kwana ɗaya ko biyu a mako, ya hau kekensa ko motar kasuwa, wai ziyarar 'yan uwa.

Lukuman ya aika kurtu ya kira Dibora da Ɗahiru da likita, ya ce a zo da fartanya. Sannan ya tsallaka titi.

"Baba, ina kwana."

"Lahiya lau, Sufeto. Ya bakin?"

"Ya warke. Wata alfarma nake nema. Inna ta matsa min, wai haƙorina a gidanmu ya kamata a binne shi. Ina ka sa shi?"

Carbin ya tsaya. "Can bayan katanga, gindin tsamiya. Nan nika binne su duka, da hannuna."

"Mu je ka nuna min."

"Ai wata huɗu, ɗana. Ya zama ƙasa."

Lukuman ya juya. "Sista, haƙori yana zama ƙasa a wata huɗu?"

"Ko a shekara arba'in," in ji Dibora. "Shi ne ƙarshen abin da ke ruɓewa a jikin mutum."

Kurtu ya yi haƙa inda Mas'udu ya nuna. Ya matsa inda ya sake nunawa. Ya zagaye tsamiyar kaf, har gwiwa. An samu murfin kwalba da saiwoyi da tsohon takalmin roba. Mutumin da ya shekara biyu yana karɓar haƙora kullum, ko guda ɗaya babu a makabartarsa.

Haƙoran suna ƙarƙashin teburinsa, a bayan damin asawaki. Gwangwanin madara uku. Na farko haƙora ne a jiƙe cikin ruwan kanwa da lemun tsami, ana fitar musu da fari. Na biyu waɗanda suka bushe ne, an ware na gaba daban, turame daban, kamar mai tallan wake. Na uku baƙin garin nan ne. Ga naɗin siririyar waya da ɗan awartaki. Da aka buɗe na farko, mai ƙosai da ke kusa ta ɗauke kaskonta ta bar wurin. Asawakin da rabin unguwa ke gogawa a baki, a kan wannan yake kwana.

A ofis Mas'udu bai yi musu ba. Abin da ya fi ba Lukuman haushi ke nan, mutumin gani yake taimako ya yi.

Mas'udu ya ce, "Na taɓa ganin wanda jaki ya harba, haƙori ya hita, anka maida shi nan take, ya kama. Har yau shina tauna da shi. To mi ya hana na wani ya kama? Garin ƙashi kuwa taki ne. Ƙashi ka ciyar da ƙashi."

"Nasa ne, kuma da ransa aka mayar," in ji Dibora. "Saiwar ba ta bushe ba. Naka gawa ce da ka jiƙa a kanwa. Likita ya karanta mana cewa a Turai ana gwada dasa saiwar ƙarfe mai tsabta, ƙashi ya taso ya riƙe ta, su ma a hankali suke yi, watanni. Kai ka zo da turmin daka da ƙashin saniya."

"Guda nawa suka kama?" Lukuman ya tambaya.

Mas'udu ya duƙar da kai. "Ba su cika kwana arba'in ba suke ɓata shi. Ba su da haƙuri."

Sufeto ya juya ga likita da Ɗahiru. "Mai wannan aiki yana bukatar abu uku. Haƙoran da ba su shiga wuta ba. Sanin wanda aka cire wa yau, domin jibi rami ya fara rufewa. Da sukunin bin mutum garinsu washegari. Audu ba ya barin asibiti, bai kuma san garin kowa ba. Tukur yana da ramukansa, ba ya bukatar na Gusau. Sista tana da biyu, amma ranar da aka yi wa Saude a Bungudu, katin mutum goma sha huɗu na nan da ta duba a nan ɗakin, kai kanka likita ka sa hannu. Saura mutum ɗaya da ke zaune inda kowane rami yake wucewa, ana kuma miƙa masa haƙora ana godiya. Yana zaɓen na nesa, masu jin kunyar giɓi, ya rantsar da su, ya ce in an tambaya su ce asibiti ne."

Sannan ya yi wa Mas'udu tambayar da yake ta gujewa tun Tsafe.

"Nawa yana cikin wane gwangwani?"

"Naka ai ba ya nan, Sufeto. Turmi ne babba, ramin da ke jikinai ɗan kaɗan ne ga gehe. Shina bakin wani mahauci a Kwatarkwashi."

Lukuman ya tashi ya fita bayan ofis. Kurtun da ke gadi ya ce ya daɗe a can.

Sunaye tara Mas'udu ya bayar. Likita ya mayar wa Dibora makullanta a gaban kowa, amma makulli ba ya wanke suna, kujerarta ta yi mako uku babu mai zama. Ba ta zauna jira ba. Ita da Sufeto suka bi ƙauyukan ɗaya bayan ɗaya da Landiroba, daga Ruwan Bore zuwa Kwatarkwashi, tana yanke waya, tana wanke ramuka, tana barin jini mai kyau ya cika su. Mutum biyu sai da aka kai su babban asibiti, ɗaya ya rasa haƙora huɗu da ƙashin da ke riƙe da su. A ƙofar gidan mahaucin ta miƙa wa Lukuman wani abu a auduga.

"Wannan karon ka binne da kanka."

Ya karɓa da 'yan yatsu biyu, bai buɗe ba.

Bayan an gama girbin dawa, Saude ta dawo. Kumburin ya tafi. Ta zauna a kujera ba tare da an ce ta zauna ba, ta buɗe baki. Dibora ta wanke hannu, ta danna gurbin da yatsa, ta sake dannawa. Ya lotsa fiye da yadda ya kamata, amma a ƙarƙashin dasashin akwai tauri.

"Ƙashi ya dawo," ta ce. "Yanzu zai ɗauki haƙorin roba, irin wanda ake cirewa a wanke. Babu bakin da ya taɓa shiga."

Saude ta kama hannunta ta riƙe. "Sista, na ji tsoro ne. Ki yahe min."

"Ya wuce."

Ɗahiru yana bakin ƙofa, daidai inda ya tsaya ran nan. Yau babu murya. Ya dafe kumatunsa na dama da hula, ido ya yi ja, da gani ya kwana uku bai yi barci ba. Ya kalli ƙasa inda ya taɓa tofa yawu, ya kalli kujerar da matarsa ta tashi.

"Likita zai zo da azahar," in ji Dibora, "in kana son jira."

Ɗahiru ya cire takalmansa ya shigo.

"Ke nika so ki cire," ya ce. Ya zauna, ya buɗe baki.